Gurbin da Aka Bari a Dutse

"Rubutunta irin na ubanta ne. Har yadda take jan wutsiyar harafi ƙasa."

Marshal ne ya faɗa wa ƙanwarsa Hortense, ni kuwa ina zaure ina cire takalman katako don kar in ɓata musu daɓe. Kwanana uku ke nan da fara aiki a gidan. Na ji ta ce, "Octave, ƙofa fa a buɗe take." Daga nan sai ƙarar cokali a cikin kofi.

Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Babana kofur ne. Wannan tsohon da ke shan kofi a ciki kuwa, lokacin yaƙi janar ne, da mutum dubu goma sha biyar a ƙarƙashinsa. Ta ina janar zai san rubutun kofur, har ya riƙe shi a ka shekara goma sha tara? Na ƙirga zuwa ashirin, na yi gyaran murya, sannan na shiga na gaishe su kamar ban ji komai ba. Wannan kam na iya shi tun ina ƙarama.

Sunana Solange Teyssier. Ina da shekara ɗaya da wata guda aka harbe babana, Firmin, a watan Afrilun 1915. Ba Jamusawa ne suka harbe shi ba. Namu ne, su goma sha biyu, da safe, a bayan wata gona, an tara sauran sojoji suna kallo. Takardar da aka aiko wa Mama ta ce ya ƙi bin umarni a gaban abokan gaba. A garinmu Ferjol ba mai faɗin haka da baki. Sai dai a ce mini 'yar Léonie, ba a cewa 'yar Firmin.

Dutsen sunayen 'yan garinmu da suka mutu a yaƙi yana tsakiyar dandali, a gaban coci. Mutum arba'in da ɗaya ne a jiki, an jera su bisa haruffa. Tsakanin Soulier da Vialle akwai fili, faɗin yatsu uku, an goge shi sumul ba a rubuta komai ba. Baƙo zai ɗauka mai sassaƙa ne ya yi kuskuren awo. Baba Baptiste bai taɓa kuskuren awo ba. Duk ranar sha ɗaya ga Nuwamba, ranar da yaƙin ya ƙare, magajin gari yana karanto sunayen ɗaya bayan ɗaya, 'yan makaranta suna amsawa, "Ya mutu saboda Faransa." Shekara shida ina cikin masu amsawar. In an wuce Soulier sai Baba Baptiste ya saki tari mai ƙarfi, dole magajin gari ya jira ya gama. Mata su ce taba ce za ta kashe shi.

Sau huɗu Mama tana zuwa ofishin magajin gari a kan maganar. Na ƙarshen ina tare da ita. Ya ce, "Léonie, ni ba ni da ta cewa. Tsofaffin sojoji ba za su yarda ba, matan da suka rasa mazansu ma haka. Amma ga Marshal can ya dawo gidan ubansa. Shi ya sa hannu a hukuncin. In ya ce a sa sunan, ko da baki ne, gobe a sa, kuma ba mai ɗaga murya." Ya faɗa ne don ta tashi ta ba shi wuri. Mama kuwa ta riƙe maganar.

Shi ya sa ranar da tsohuwar malamarmu ta zo ta ce Marshal Rochefaure yana neman mai rubutu mai kyau, idonsa ya yi rauni kuma yana son ya bar tarihin rayuwarsa a littafi, kuma cikin takardu uku da ta kai masa tawa ya zaɓa, Mama ta ajiye dutsen guga ta zauna a kan kwandon wanki.

"Allah ne ya kai ki," in ji ta. "Kar ki yi gaggawa. Ki bari ya saba da ke, sati biyu, uku. Sannan ki tambaye shi."

"Mama, in ce masa me?"

"Ki ce ke 'yar Firmin ce, kina son sunan ubanki a dutse. Ba ki da baki ne? Sakandaren da kika yi ta mece ce?"

Ban gaya mata abin da na ji a zaure ba. Rubutun kuwa gaskiya nasa ne. Wasiƙu ashirin da bakwai ya aiko mata daga fagen daga, kuma a kansu na koyi riƙe alƙalami, ina ɗora takarda shara-shara ina bin sawunsa.

Aikin daga ƙarfe tara ne zuwa sha biyu. Ɗakin karatunsa yana bene, da murhu, da taswirori har rufi, da wani akwatin gilashi inda sandarsa ta Marshal, muƙamin da ya fi na janar, take kwance, shuɗiya da taurarin zinare. Duk wata sai Hortense ta zuba mata kafur.

"Hortense, warin nan zai kashe ni kafin Jamus ta sake gwadawa."

"Asu ba su san ka ci yaƙi ba. Ɗaga ƙafarka in share."

"Kin gani, Malama Teyssier? Da, in na shiga wuri, mutum dubu ɗari uku ke miƙewa. Dubi yanzu."

"Su ba su taɓa wanke maka safa ba," in ji ta, ta wuce da tsintsiyarta.

Shekarunsa saba'in da tara. Idon hagu ya mutu, na dama yana gani dishi-dishi. Ba ya zama in yana faɗa. Taku bakwai zuwa taga, bakwai zuwa murhu, hannu a baya, ni ina rubutawa. In ya gama sai ya ce in karanto masa, ya karkata kai yana ji, ya ce "soke wannan". Wata rana ya ce, "Wane jaki ne ya faɗi haka?" Na ce, "Kai ne, Yallabai," don ban san me kuma zan ce ba. Ya yi dariya har sai da ya dafa kujera. Ban taɓa ba wa kowa dariya ba kafin shi.

Muka fara daga nan Ferjol, yana ɗan shekara goma yana satar tuffa a lambun fadan coci. Muka shiga makarantar hafsoshi, inda ya zo na ɗari da biyu cikin ɗari da arba'in. Ya ce, "Rubuta shi haka. Wanda ya zo na ɗaya, ƙirgar barguna ya ƙare yana yi a sito." Muka je Aljeriya, inda ƙishirwa ta sa suka sha ruwan rijiyar da raƙumi ya mutu a ciki. Muka je Madagaska, zazzaɓi ya kashe masa rabin mutane ba a harba harsashi ko ɗaya ba, ya faɗo mini sunayen goma sha takwas daga cikinsu da ka, har da garuruwansu. Yana can matarsa ta rasu. Layi biyu ya ba ta, ya tsaya a taga ya daɗe, ya ce, "Ya isa na yau."

Ina cewa muka je, don haka nake ji. Ni da ban taɓa wuce garin da na yi sakandare ba.

Kullum in na dawo, Mama tana guga, ba ta ɗago kai.

"Yau fa?"

"Yau ƙafarsa ke ciwo."

Washegari, "Yau fa?"

"Sun yi baƙi daga Paris."

"Baƙin sun toshe masa kunne ne?"

"Mama, ba a yin irin maganar nan a gaban mutane."

Wani lokacin gaskiya nake faɗa. Sati uku ya zama wata uku. Zan iya cewa kunya ce, kowa zai yarda, don an san ni da ita. Amma ba ita kaɗai ba ce. Ina son ɗakin nan. Ina son in ji ya ɗaga murya ya ce, "Ga Malama Teyssier ta iso, a kawo mata kofi da madara." A garinmu ba wanda ya taɓa kiran sunan nan da ƙarfi kamar ba abin kunya ba ne, sai shi, mutumin da ya sa hannu.

A watan Yuli muka shiga babban yaƙi a littafin. Kwana tara muka yi a kan ja da baya na farko, kwana shida a kan wata gada da ya riƙe da mutum ɗari takwas. Komai da sa'arsa, da sunan wanda ya faɗi, da inda harsashi ya same shi. Na san Afrilun 1915 tana matsowa. Ran Laraba na cika tawada, na sa wa alƙalami sabon baki.

Ya yi takunsa bakwai, ya dawo. Ya ce, "Rubuta. A watan Afrilu an kai wasu hare-hare a Tudun Hankaka waɗanda ba su ba da abin da aka so ba. Aya. Sabon layi."

Ya tsaya. "Karanto mini."

Na karanto.

"Akwai abin gyara?"

Inda nake yake fuskanta, da idon nan mai hazo. Bai taɓa yi mini wannan tambayar ba. Gyara nasa ne, rubutu nawa. Ina jin Hortense a ƙasa tana faɗa da mai kawo madara, wai ya sake sirka ta da ruwa. Na kalli layin, ko bushewa tawadar ba ta yi ba.

"Babu, Yallabai."

Ya ɗan jira. Sannan ya ce, "To. A watan Mayu," muka wuce.

Da na koma gida na ce wa Mama har yanzu muna kan gada.

A Satumba Baba Baptiste ya kafa tsani a dandali yana sabunta ruwan zinaren haruffa, don a bana Marshal da kansa zai tsaya a taron. Na zo wucewa da burodi a hammata, ina bin jikin katanga yadda na saba.

"Ke, sakatariyar manya. An daina gaida talakawa ne?"

"Ina wuni, Baba."

"Da ban kira ki ba da ban wuni ba ke nan. Zo riƙe mini gwangwanin nan. Kun kai Tudun Hankaka a littafin naku?"

"Mun wuce."

"Shafi nawa?"

"Layi biyu."

Ya tofar da yawu gefe. "Layi biyu. Mu kwana biyar muka yi a can." Ya sauko daga tsani a hankali, ya zauna a matakalar dutsen, ya goge hannunsa mai yatsu uku a wando. Rukuninsu ɗaya da babana, wannan kowa ya sani. Ya ce, "Uwarki ta taɓa yi miki maganar takarda?"

"Wace takarda?"

"Ai ba ta sani ba. Shekara goma sha tara ina cewa zan gaya mata. Zauna, ba na son magana da mutum yana tsaye a kaina."

Na zauna, burodin a cinyata.

"Sau biyu muka fita daga rami, sau biyu aka shanya mu a jikin waya mai ƙaya. Cikin ɗari biyu muka koma tamanin da uku. Aka ce mu sake fita na uku, wai igwa ta yanke wayar. Mutum biyu suka rarrafa suka dubo, suka dawo suka ce tana nan yadda take. To akwai wani a cikinmu, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa, baki kamar reza. Ya ce su a jirgi in za a kai kuka wurin kyaftin, a zagaye ake sa hannu, kamar bakin faranti, don kar a gane wanda ya fara. Muka ce kai, wannan dabara ce. Muka kifa kwanon abinci a kan takarda muka zana da'ira. Kowa ya sa sunansa a zagaye, waɗanda ba su iya ba suka yi gicciye. Kuma ba cewa muka yi ba za mu fita ba, ki riƙe wannan. Cewa muka yi a sake harba igwa a kan wayar, sai mu fita."

Ya ciro tabarsa, ya duba ta, ya mayar aljihu.

"Amma maganar da ke tsakiyar da'irar dole wani ya rubuta ta. Janar za a kai wa, ba a kai wa janar rubutu kamar tonon kaza. Sai na ce, a ba Firmin, shi ke da hannu. Ni na faɗa. Har ruwa ya nema ya wanke hannunsa kafin ya fara, don kar ya ɓata takardar. Mu tamanin da uku, ba wanda ya yi tunani. Muna ta murna da da'irarmu kamar mun ƙera jirgin sama. Yini ɗaya ya ɗauki hafsoshi kafin su gano shi. Suka buɗe jakar wasiƙun da za a aika gida, suka haɗa rubutu da rubutu."

Na kalli gurbin da ke jikin dutsen. Wata mata ta wuce da tulun madara, ta kalle mu.

"Na san abin da ke bakinki," in ji shi. "Kar ki tambaye ni wayar. Ni ban gan ta da idona ba, kaina yana cikin laka. An janye mu baya, aka tura wasu ta wani gefen. Biyun da suka dubo kuwa ba su kai ƙarshen watan ba. A kotu hafsoshi suka ce a yanke take, tsoro ne ya sa muka ƙirƙira. Ni na yarda da mutanenmu. Amma in an ce in rantse a kan abin da na gani..." Ya girgiza kai. "Da safen nan jirgin sama ya ɗauki hoton wurin. Mutum ɗaya aka kai wa hoton, kuma kullum kina shan kofinsa. Ba ni gwangwanina, kin karkatar da shi."

Da ina tsoron tambaya ne kawai. Daga rannan na koma tsoron amsa. In ya ce a yanke take, to babana ya wanke hannu ya rubuta ƙarya, gurbin nan zai zauna haka har abada, kuma ni ce zan kai wa Mama labari. In ya ce ba a yanke take ba, to mutumin da ke sa a matso mini da kujera kusa da wuta ya ga hoton da idonsa, lokacin da idon yake gani, ya ɗauki alƙalami ya sa hannu. Na yi ta juya su biyun a hanya, safe da rana. Na rasa wadda zan iya zama da ita, sai na ci gaba da rubuta 1916.

Ƙarshen Satumba tari ya kama Mama, daga ruwan sanyin wurin wanki. Likita ya ce huhu ne. Hortense ta aiko da romon kaza da bargo, Marshal ya ce in zauna gida har ta warke, littafi ba zai gudu ba.

Wata ranar Lahadi da rana, an taso daga coci ana wucewa ta bakin tagarmu, ta ce in ɗaga mata matashi.

"Solange, kin tambaye shi?"

Ta rame har zoben aurenta yana zamewa, ta naɗa masa zare don ya zauna. Zaren na kalla.

"Na tambaya, Mama."

"Me ya ce?"

"Ya ce zai duba."

Ta rufe ido, ta sauke numfashi. "To shi ke nan. Irinsu in suka ce za su duba, an gama. Kin gani? Ya cinye ki?"

"A'a."

"Wata bakwai kina ja mini rai a kan abin da bai kai minti ɗaya ba." Ta yi tari, na ba ta ruwa. "Ki ce wa Baptiste ya rubuta Firmin cikakke. Kar ya sa harafi ɗaya da ɗigo kamar yadda ya yi wa Soulier. Akwai wuri, na auna da yatsa."

"To, Mama."

"Kuma ki daina tafiya a jikin katanga."

Ran Alhamis ta rasu. Marshal bai je maƙabarta ba, ba ya iya hawan tudun, amma da aka wuce da akwatin ta ƙofar gidansa yana tsaye a waje, hularsa a hannu. Sati guda mutane suna maganar, wai babbar girmamawa ce ga mai wanki.

Na koma aiki bayan kwana goma. Ya yi mini ta'aziyya a tsaye, kalma huɗu ko biyar, sannan ya ce, "Ina muka tsaya?" Na gode masa a raina da bai ja ta ba. Muka gama 1918, da harin ƙarshe da ya karya layin Jamusawa cikin kwana uku, da ranar da aka ba shi sandar a gaban sojoji dubu ashirin, ana ruwa, takalminsa na dama yana matse masa yatsa. Ya ce abin da ya fi tunawa ke nan, takalmin. Na rubuta. Yanzu ba mai tambayata "yau fa?" in na koma gida, kuma na ga shirun ya fi tambayar wuya.

Ran sha ɗaya ga Nuwamba ana yayyafi. Ya sa kakinsa, taurari bakwai a hannun riga, sanda a hannu, warin kafur har layin 'yan makaranta. Kakin ya yi masa yawa a kafaɗa. Magajin gari ya yi dogon jawabi a kan gadar nan, har ya ƙara wa Jamusawan yawa fiye da yadda muka rubuta. Ni ina can baya da baƙaƙen kaya. Aka shiga sunaye.

"Soulier."

"Ya mutu saboda Faransa."

Baba Baptiste ya yi tarinsa. Marshal ya juyo da kai wajen da tarin ya fito, ya ce wa Hortense wani abu ƙasa-ƙasa. Ta girgiza kai, ta gyara masa wuyan riga.

"Vialle," in ji magajin gari.

Da aka watse Hortense ta same ni a bakin famfo. "'Yata, gobe ki zo da wuri. Mota za ta zo ƙarfe sha ɗaya. Za a yi masa aikin ido a Paris."

"Yaushe za ku dawo?"

"Ni zan dawo in rufe gida." Ta buɗe lemarta, ta rufe, ta sake buɗewa. "Ba idon ne kaɗai ba. Likita ya gaya mini tun watan jiya. Shi bai sani ba, ko yana yi kamar bai sani ba. Shekara saba'in ina tare da shi, har yau ba na ganewa."

Washegari na tarar an sauke taswirorin, bangon duk tabon inda suka zauna. Akwatin gilashin ba komai a ciki. An lulluɓe kujeru da fararen zannuwa, sai tawa da tebur aka bari. Shi kuma yana zaune, abin da ban taɓa gani ba a lokacin aiki, da babbar rigar sanyi, bargo a gwiwa.

"Malama Teyssier. Hortense ta kwashe mini komai, har takuna bakwai ta cika da akwatuna. Kin sha kofi?"

"Na sha, Yallabai."

"Ƙarya kike, an riga an naɗe tukunyar. Zauna. Shafi ɗaya ya rage, na farko. Sadaukarwa. Na daɗe ina juya ta." Ya gyara zama, ya ɗaga haɓa kamar yana gaban fareti. "Rubuta. Ga sojojina, rayayyu da matattu, waɗanda ban taɓa neman abin da ya fi ƙarfin ɗan Adam daga gare su ba."

Na tsoma alƙalami. Na kai shi kan takarda, na tsaya. A ƙasa direba yana jan akwati a kan duwatsun tsakar gida, Hortense tana ce masa ya bi a hankali, ba buhun dankali ba ne.

"Ban ji alƙalami ba."

"Ban rubuta ba, Yallabai."

"Tawada ta ƙare?"

"Akwai tawada."

Ya juyo da idonsa na dama wajena. Na duba me ya rage da nake tsoron rasawa. Mama ta tafi da amsar da na ƙirƙira mata, ba zan iya karɓo ta ba. Ɗakin ma an gama naɗe shi. Na ajiye alƙalamin a bakin tebur, na haɗa hannuwana a cinya.

"Ni 'yar Firmin Teyssier ce. Kofur. Wanda ya rubuta maka takardar da aka sa wa hannu a zagaye."

"Na sani."

"Akwai gurbi a dutse, tsakanin Soulier da Vialle. Magajin gari ya ce kalmarka yake jira. Na ce wa mahaifiyata na tambaye ka. Ban tambaya ba."

Hannunsa yana kan bargo, yana murza bakinsa da babban yatsa. Direba ya danna ham. Hortense ta kira daga ƙasan bene, "Octave, mota ta shirya."

"Ta jira," in ji shi, ba da ƙarfi ba.

Na ɗago kai na dube shi.

"Yallabai, ranar da aka kawo maka hoton Tudun Hankaka, wayar a yanke take?"